Bencina da Ruwan Wankan Jego

Shekarar da autata ta zo wankan gida, ni na ƙarar da gas ɗin gidanmu cikin kwana biyu. Ba na ɓoyewa, tunda tsohuwar gidan, wato matata, ba ta bari kowa ya manta ba.

Ni mai faci ne a Gyaɗi-Gyaɗi, tun ana facin keke har aka koma na adaidaita sahu. Boko kuwa aji uku na yi, na ga malamin ya fi son bulala da ni, na bar masa makarantarsa. Duk da haka a gida ɗan zamani nake ɗaukar kaina, saboda surukina ya kawo mana tukunyar gas, kuma na riga tsohuwa iya murɗa ta.

Yarinyar ta haifi 'ya mace a tsakiyar damina. Safe da yamma sai an tafasa ruwa rabin duro da ganyen darbejiya, uwarta ta yi mata wanka, a bi da kunun kanwa. A wajen tsohuwa, mai jego in ta tsallake wanka ɗaya kafin arba'in, sanyi ya shige ta ke nan har tsufa. Ni ban san gaskiyar abin ba, amma ban taɓa ganin namijin da ya musa ya ci tuwon gidan lafiya ba.

Ran da hadari ya haɗo, ta ce in rufe itacen wanka da tamfol. Na ɗauki tamfol ɗin na rufe injin iskata da shi. Aka kwana biyu ana ruwa. Itace ya sha ya ƙoshi, in ka ɗaga shi har ɗiga yake. Don in rufe kunya, na jera bulo, na ɗora rabin duron nan a kan gas, ina cewa ai yanzu an wuce zamanin hura wuta da baki. Wanka uku ya yi mana. A na huɗu wutar ta yi ja, ta yi fuf, ta bar ni tsugune.

A ranar kuma gari ya rikice, rediyo ta ce an sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Na ce bari in lallaɓa Unguwa Uku wajen masu itace. Ina leƙa bakin lungu wani mai kaki ya ɗaga mini dorina daga nesa. Ban jira bayani ba.

Na dawo na tarar da tsakar gida kamar ta ƙanƙance. Ƙofa a rufe, sama a rufe, ruwa na tsiyaya daga indararo. Azahar ta wuce, wankan yamma na matsowa. Tsohuwa ta fito da abin da ya rage ta jera a gabana: kananzir ɗan kaɗan a gindin risho, gawayi bai cika kwano ba.

"Kananzir na kunu ne da ruwan jaririya," ta ce. "Ka taɓa shi ka gani."

"To gawayin fa?"

"Gawayin nan ne zai tafasa duro? Malam, ko shayinka sai ya yi da gaske."

Sai dabara ta zo mini, irin dabarun da ke zuwa mini. Ina da tsofaffin tayoyi shida a bayan ɗaki, kuma taya ba ruwanta da damina. Na mirgino ɗaya, na ɗauko wuƙa. Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Sista, ita ma dokar ta ritsa da ita a gida. Ta hango ni ta kan katanga.

"Baba, me za ka yi da taya?"

"Magani zan haɗa."

"Wallahi ka kunna wannan a gidan da jaririya take, sai na kira masu kakin nan da kaina. Huhunta bai kai tafin hannunka ba."

Na ce to ƙofar banɗaki fa, ai katako ce. Ta ce mai fenti ce, hayaƙinta guba ne, kuma gida da mai jego ina za a kai banɗaki ba ƙofa? Ta ƙara da cewa gawayin ma in za a sa a kasko don ɗumama ɗaki, a bar taga a buɗe. Itace a bushe, ba fenti, ba roba, shi kaɗai ta yarda a ƙona.

Na lura tsohuwa ta daina kallona, tana kallon zaure. Bencina yana can, na maɗaci, wanda na fi shekara talatin ina zama a kai a bakin titi. A kansa na aurar da rabin unguwa da baki, na sauke gwamnatoci, na naɗa wasu. Tsakiyarsa har ta yi kwarmi daidai ni.

"Ga turminki can," na ce. "Ai ya tsage."

"Turmi yana ciyar da kai. Bencin nan ban da gulma me ya taɓa kawowa gidan nan?"

Daga ɗaki na ji yarinyar tana cewa, "Inna, a bar wa Baba abinsa, yau ɗaya dai." Muryar ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya riga ya tsorata yana ƙoƙarin kada a gane. Ita ma ta yarda da maganar sanyin nan, a kai aka raine ta.

Na shiga zaure na jawo shi da kaina. Na ce gatarin ma ni zan riƙe, kada wani ya yi masa wulaƙanci.

Ban ƙone shi gaba ɗaya ba, nan ne kawai kaina ya yi aiki a makon. Na faskara shi sirara-sirara, na tayar da wuta da ƙafa ɗaya, na jingina jiƙaƙƙen itacen nan kewaye da murhu. Yana tururi yana kuka, wanda ya sha iska in tura shi ciki, in jingina wani. Hayaƙi ya sa ni hawaye, tsohuwa ta ce na benci ne. Kafin la'asar ta yi sanyi duro ya tafasa, warin darbejiya ya cika gida. Na zauna ina jin faɗuwar ganye a bayan yarinyar, tana cewa wayyo Inna da zafi, uwar tana cewa haka ake so.

Haka muka yi ta yi, ƙafa ɗaya yau, rabin fuska gobe, har aka sassauta dokar. Ba ta tsallake wanka ko ɗaya ba. Guntun da ya rage bai fi a ɗora buta ba.

Ran da na koma bakin titi, abokan hira suka tarar da ni zaune a kan taya. Suka ce ina benci. Na ce amaryar da aka haifa mini ce ta karɓe shi sadaki. Har yau a kan tayar nake zama, kuma tamfol in hadari ya taso tsohuwa ba ta aikena, da kanta take fita.