Kwalin da ke ƙarƙashin motar Baba Pam

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sale bakanike na Nasarawa Gwom. Ranar mu uku ne a kansa: ni, da ƙaninsa Uba, da babban ɗanmu Nasiru. Bayan la'asar ne, ana yayyafi. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Tsofaffin motoci ne aikinsa, a-kori-kura da jif-jif ɗin da suka sha hanyar ƙauye. In aka kawo mota, ba ya taɓa sifana ranar. Sai ta kwana a ƙofar gida, a shimfiɗa mata kwali a ƙasa. Ni ke shimfiɗawa, ni ke jawowa bayan asuba in na fito shara. Da haka na iya karatun kwali. Baƙin ɗigo daga gaba, injin ne ke zubar da baƙin mai. Ruwa mai tsatsa, lagireto ya huje. In kusa da taya ne kuma yana da santsi, man birki ne, wannan motar ba ta fita ko mai ita zai yi kuka. Malam kan ce, "Maman Nasiru, me ta gaya miki yau?"

Baba Pam manomin dankali ne daga can saman Filato, ya daɗe yana kawo masa a-kori-kurarsa. Ya kawo ta giya na fita da kanta in an hau tudu, ya ce zai dawo bayan Lahadi. Kafin Lahadin gari ya rikice. Da ƙura ta kwanta, kowa ya san unguwar da zai taka da wadda ba zai taka ba. Baba Pam bai dawo ba.

Malam ya gyara motar tsaf. Kullum da hantsi sai ya tayar da ita ta ɗumama, ya ɗan gusa da ita don kada tayoyi su zauna. Mutane suna ce masa ya cire kayanta ya sa wa wasu, ya ƙi ko da kusa ɗaya. Maganarsa ta ƙarshe gare mu ukun nan ita ce, "Motar Pam amana ce. Ku riƙa tayar da ita."

An tayar da ita, na ɗan lokaci. Batir ya mutu, Nasiru ya koma acaɓa, Uba ya ce shi ba bakanike ba ne. Ni dai ban fasa kwalina ba, ina kallon ɗigon yana raguwa shekara bayan shekara.

Da Malam zai leƙo yau, ban san me zai fara gani ba. Ko yaran gareji da ba sa tambayar inda mota ke zuba, sai dai su cire wannan su sa wancan har a dace. Ko kuma garin da mai mota zai gwammace ya tura ta da hannu ya wuce unguwa guda, da ya tsaya a gyara masa a cikinta. Ina jin na biyun ne zai fi ƙona masa rai.

Na sha aika wa Baba Pam saƙo ta bakin masu kawo dankali kasuwa. Sai makon jiya wani magidanci ya yi sallama, ya ce shi ne Dung, ɗan Baba Pam. Ban tambaya ba na gane, goshin uban ne. Ya ce tsohon ya rasu tuntuni. Ya zagaya motar, ya sa hannu ya gwada juya injin, ko motsi.

"Mama, motan nan ya mutu," in ji shi. "Ku ba 'yan gwangwan."

Na ce, "An gyara giyar fa. Ubanka bai ji ta ba."

Ya ce Allah ya ji ƙan Oga Sale. Ruwan da na kawo masa a tsaye ya sha, yana duban hanya, yana son ya fita kafin magariba. Na miƙa masa makulli, ya ce in bar shi.

Abin da ya rage na Malam ke nan: gyaran da ya yi daidai, babu wanda ya hau ya shaida. Nasiru ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan masu yankawa.

Washegari bayan asuba na ɗauki tsintsiya na fita, na durƙusa na jawo kwalin. Na juya shi gaba da baya a hasken safiya. A bushe yake ƙaƙas. Na kakkaɓe shi, na mayar inda yake.