Ragon sunan Hauwa'u

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu na tambaya ko na canza layi. Ina nan, bakin ne ya yi nauyi.

Cikina yana wata biyar na yi ɓari.

Maigidana Bello sana'ar dabbobi yake yi a kasuwar Kara. Ranar da na gaya masa ina da ciki, sai ga shi da ɗan rago fari a kan babur, wai na suna ne. Na ce masa wannan zumuɗi ya yi yawa, ya yi dariya ya ɗaure shi gindin dogonyaron gidanmu a unguwar Runjin Sambo.

Da la'asar nakan zauna ina ba shi dusa, ina hango ranar suna. Mata sun cika tsakar gida, turaren wuta na tashi, ni kuma ina ɗaka da ƙunshi a ƙafa, ana miƙo min jaririya. Kullum mace nake gani.

Da ciwon mara abin ya fara. Sai ɗigon jini. Na ce gajiya ce, na kwanta.

Washegari a asibiti aka yi min hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon na'ura, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, bugun zuciyar ya tsaya."

Aka ba ni gado, aka sa maganin naƙuda, daga baya aka yi wankin ciki. Jini ya ƙi tsayawa sai da aka yi min ƙari. Kati, hoto, jini, har safar hannu, komai sai an saya. Na ji tsoro, wallahi na zaci tafiya zan yi.

Cikin magagin allura na ga kaina a bakin gulbi, shinkafa ta yi kore shar, wata yarinya na tafe gabana tana jan farin rago. Na so in kira ta, amma ban san sunan da zan kira ba.

A gadon kusa da ni akwai wata 'yar garin Wamakko, ita ma ɓari. Mijinta ya fita neman kuɗin jini tun safe, har aka sallame ni idonta na kan ƙofa.

Da na dawo gida kowa cewa yake, "Allah ya kawo mai zama." Ba barka, ba suna. Inna ce kaɗai, uwar mijina, ta ɗora ruwan zafi da ganye ta dama kunun kanwa. Ta ce, "Tashi ɗiyata. Ke ma mai jego ta, wanka za ki yi."

A wankan nan na fara kuka.

Jiki ya warke, ragon kuma ya yi ta girma. Bello ya so ya sayar, na hana, don shi kaɗai ya rage min daga cikin nan. Inna ta ce, "Ragon ga hwa ba na kallo ba na."

Fuskar 'yar Wamakkon ce ta ƙi barina. Rannan na kwance igiyar ragon da hannuna na miƙa wa Bello ya sayar. Kafin ya fita na ce, "Wane suna ka ajiye wa jaririyarmu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hauwa'u."

Da kuɗin ragon muka fara asusun taimakon matan da suka yi ɓari: jini, magani, da garin kunu na komawa gida. Mai son sa hannu ya turo min saƙo, komai ƙanƙantarsa.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, na gode Inna.

'Yan'uwa mata, kin ga jini ko ɗigo ne, ki tafi asibiti, kada ki kwanta kamar ni. Maza, ku san rukunin jinin matanku. In maƙwabciya ta yi ɓari, ku shiga da kunu, ku zauna da ita.

Ranar Juma'a muka biya wa mace ta farko jini. Na tsaya ina kallon ledar jinin tana sauka a hankali, na ce a raina, Hauwa'u, yau ne sunanki.