Soson Katifa a Doron Rufi

Shekarar da aka cire tallafin man fetur ce, lokacin da kuɗin hawa keke mai ƙafa uku ya ninka, muka koma takawa da ƙafa daga Abbare har kasuwa. A ranin shekarar Mama ta rasu a ƙauyenmu da ke bayan Sunkani. A shekarar ce kuma na shiga ajin manya a cocinmu, bayan na yi shekara arba'in da bakwai ina dangwala yatsa a takarda.

Daga ɗakin Mama ban ɗauko komai ba sai irin wakenta, mudu goma. Ƙaramin wake ne ja mai farin ido, yana nuna da wuri a tukunya. Ita ma a hannun uwarta ta same shi. Na zaga kasuwa ban taɓa ganin irinsa ba, ƙannena kuwa duk sun bar noma. Ba a shuka shi sai watan takwas, don haka dole ya jira a sitona. Na gauraya shi da toka da barkono yadda take yi, na ɗaure a buhu, na rubuta a jiki da gawayi: IRIN MAMA. Shi ne rubutu na farko da na yi ba wanda ya sa ni.

Siton rumfar kwano ce a bayan gida, ni na kafa ta. Rufinta ɓangare biyu ne, sun haɗu a doro, an kifa musu wani dogon kwano a matsayin murfi. Matsalar ita ce kwanon rufi kunya-kunya yake, murfin kuwa shimfiɗaɗɗe ne, sai kowane kwari ya bar rami a ƙarƙashinsa wanda yatsu biyu za su shiga. In ruwa ya sauko a miƙe, lafiya lau. In ya zo da iska daga gabas, sai ya riƙa feso ciki.

Ranar da aka yi hadari na farko ina aji da la'asar. Malama tana rubutu a allo, ni idona yana taga.

"Baba, allon yana nan gaba," in ji ta.

Na juyo. Na sake juyawa. Da iska ta kaɗa ƙofa sai na tura littafina cikin riga na fita, ko sallama ban yi ba. Na tarar da feshi ya jiƙa ƙasan siton tsawon doron. Buhun yana gefe, bai jiƙe ba, amma daga ranar zama ya gagare ni.

Maƙwabcinmu tsohon kafinta ne, gwiwa ta hana shi hawa sama, bakinsa kuwa bai yi ritaya ba. Washegari na kai masa maganar.

"Nemi farin soson nan na kwalin talabijin," ya ce. "Ka narka shi a fetur, ya zama danƙo. Ka cusa tsumma a ramin, ka shafe bakin. Ko damina uku ba za ta taɓa shi ba."

"Baba, fetur? A wannan marra?"

"To ka hau ka zauna a kan ramin."

Na dawo gida ina ta kewaya tsakar gida, sai idona ya faɗa kan tsohuwar katifarmu da ke jingine a bango tun bara. Soso dai soso ne, na ce a raina. Na ɗauki wuƙa na yayyanka shi tsinki-tsinki, na cika buhu, na ari tsani.

Yini guda na yi a sama. Kwano ya yi zafi har sai da na naɗe hannu da tsumma. Ina taka layin ƙusa kawai don kada in lotsa rufin, ina ɗan ɗaga murfin da bakin guduma, ina tura soso da tsinken gora rami bayan rami, ina mayar da ƙusa. Tsoho ya jawo kujerarsa bakin katanga yana kallona.

"Kai, ɗan makaranta! Wannan soso ai mashayin ruwa ne."

"Yana ƙarƙashin murfi, Baba. Ina ruwa zai gan shi?"

"To. Kai ka yi karatu, mu katako muka sani."

Matata tana wanki, ta ɗaga kai ta ce, "Baban yara, in ka faɗo dai ka faɗo kan sauran katifar."

Da na sauko na shiga siton na ja ƙofa na dubi sama. Da can haske yana shigowa jere kamar haƙoran mataji. Yanzu duhu ƙirin. Amma hankalina bai kwanta ba. Na tuna ɓera, na tuna sanyin ƙasa, na tuna Mama ba ta taɓa ajiye iri a ƙasa ba, a sama take rataye shi. Sai na ɗauki igiyar rama na ɗaura a katakon doro, daidai tsakiya, na rataye buhun yana lilo.

Wata biyu ina sintiri. Duk ruwan da aka yi, ko ina gona ko ina aji, sai na dawo na shiga na ja ƙofa. In dubi sama, ba haske. In durƙusa in shafa ƙasa, a bushe. Wata rana sau uku. Malama ta gaji ta mayar da ni bencin da ba ya kallon taga. Matata ta ce in ɗauki tabarma in koma siton gaba ɗaya. Sama nake dubawa, ƙasa nake shafawa. Abin da ke rataye tsakaninsu ban taɓa sa masa hannu ba, don na ɗauka na gama da shi.

Ana saura mako biyu shuka, wata safiya matata ta shiga ɗaukar fartanya, ta fito tana jan hanci.

"Baban yara, wani abu yana wari a ciki, kamar daddawa."

Na shiga. Na kama igiyar don in kwance, sai na ji ta jiƙe sharkaf, alhali kwana biyu ba a yi ruwa ba. Na bi ta da ido har sama. Soson ya sha ruwa ya ƙoshi, yana sakinsa a hankali ta jikin katako, igiyar tana karɓa tana kaiwa bakin buhu. Ɗigo ɗaya bai taɓa kai ƙasa ba. Waken ne yake shanyewa.

Buhun ya yi nauyi, da ƙyar muka sauke shi mu biyu. Toka ta zama laka. Waken da ke sama ya ruɓe ya yi baƙi, na tsakiya ya tsiro fari fat a cikin duhu ya cukurkuɗe. Muka zazzage a tabarma. Tsoho ya leƙo ta katanga, ya duba. Can sai ga shi ya zagayo ta ƙofa da sandarsa, ya zauna da ƙyar, muka riƙa tsince masu tauri ɗaya bayan ɗaya har rana ta take.

Washegari na hau na zare soson duka, kowanne ina matsawa yana zubar da ruwa. Na sayi fetur rabin kwalba na yi yadda aka ce mini tun farko. Abin da muka tsince na shuka, kunya huɗu, biyu suka fito.

Mudu goma na rataya. Na tsira da gwangwanin madara uku. Sauran duka ya tafi, tare da buhun da rubutun da ke jikinsa, da igiya ɗaya, da rabin katifa, da darasi shida da suka wuce ni a aji.