Hassan da Gonarmu ta Ajingi

Bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar Hassan. Tagwaye ne mu, ni ce Usainarsa. Na yi furfura, gwiwoyina sun fara yi mini gardama, shi kuwa yana nan a raina saurayi mai dogon wuya da saurin magana.

A Balan aka haife mu, tare kuma aka sa mu firamare, abin da ba a cika yi wa 'ya mace ba a lokacin. Ni na ƙare a kwalejin horon malamai, shi ya wuce jami'a a Zariya karatun lauya. Hutunsa na farko ya dawo da wata ɗabi'a da ta ishi kowa. Kome ka faɗa sai ya ce, "Wa ya gaya maka? Gani ya yi, ko shi ma ji ya yi?" Ya ce mini abin da aka fara koya musu ke nan tun kafin su shiga dokoki: ka bi magana har tushenta, ka raba abin da shaida ya gani da abin da ya ji, kuma ka saurari mutumin da ba ka so ya zama mai gaskiya. Inna takan kore shi daga madafi, wai ko gishirin miya sai ya nemi shaidu.

Muna da gona a gefen Ajingi, ita ce ke cika mana rumbu. Kowa a gidanmu ya tashi da sanin cewa kakanmu ne ya sare dajin da hannunsa. Bayan farin da ya cinye dabbobi, sai wani Bafulatani mai suna Buba ya dawo ba ko saniya, ya kai ƙara gaban alƙali a Gaya. Ya ce aro mahaifinsa ya ba kakanmu gonar sa'ad da zai yi kudu da shanu. Baba bai ko girgiza ba. "Ga ɗana nan yana karatun lauya," in ji shi. Ya sa Hassan ya haɗo masa shaidu.

Da murnarsa ya hau keke, don so yake ya fitar da Baba kunya. Dattawa da dama suka ce masa lallai kakanmu ne ya sare. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda maganarsu ta zo iri ɗaya, har kalmomin. Da ya bi diddigi sai ya tarar duk daga bakin wan Baba suka ji, shi kuwa yana fatauci a lokacin da abin ya faru. Daga nan aka nuna masa wata tsohuwa, Goggo Dije, wadda ta ce tana amarya a maƙwabta, ita ta kai wa mazan fura ranar da aka yi maganar aron. Ita ma bai karɓi tata haka kawai ba. Ya tambaye ta ko akwai abin da zai iya gani da idonsa. Ta ce ya duba gindin tsamiyar gabas, nan mutanen rugar su Buba suka binne nasu. Ya je, ya ga alamun kaburbura. Wurin ne aka hana mu taɓawa da fartanya tun muna yara, ba wanda ya taɓa gaya mana dalili.

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji su a zaure.

"Baba, ban ce na tabbatar ba," in ji Hassan. "Amma hujjarsu ta fi tamu ƙarfi. Ba zan iya kai wa alƙali mutanen da na san ba su ga kome ba."

"Wato ubana maƙaryaci ne?"

"A'a, Baba. Watakila ya yi niyyar mayarwa, rai ya yi halinsa."

"Da gyaɗar gonar nan ka yi karatun da kake ƙure ni da shi. Tashi ka ba ni wuri."

Baba ba azzalumi ba ne. Ya gaskata abin da ya taso yana ji ne, kamar yadda mu duka muka gaskata. Amma har hutun ya ƙare bai sake amsa gaisuwar Hassan ba. Ranar komawa Hassan ya durƙusa a ƙofar zaure ya daɗe, Baba yana jan carbi bai ɗago ba. Ni na raka shi tasha. Ya ce, "Zai huce, Usaina. In na dawo za mu zauna."

Da bazara sanƙarau ya kama shi a makaranta. Kafin saƙo ya iso Balan an riga an yi masa sutura.

Yanzu jikata Hauwa tana shekarar farko a karatun lauya. Nakan ga ta shafa waya, kafin in gyara zama ta samo hukuncin da Hassan zai kwana biyu a laburare yana nema. Da zai gani, na san zai yi ta mamaki, ya karɓi wayar ya ƙi mayarwa. Amma ina jin da ya shiga zaurukan da ake tura labari a waya, kowa na cewa an ce, ba mai tambayar wa ya ce, da ransa ya ɓaci. Kwanan baya Hauwa ta kawo mini aikinta, ta jero madogara har biyar. Na ce ta duba ko ba daga wuri ɗaya duk suka kwaso ba. Ta dube ni, ta ce, "Hajiya, ina kika koyi wannan?" Na tashi na shige ɗaki.

A wancan lokacin, bayan sadakar bakwai ta Hassan, Baba ya ɗauki sandarsa ya tafi Ajingi shi kaɗai. Ya zauna da Goggo Dije, ya je gindin tsamiyar, sannan ya wuce wurin alƙali ya ce ya saki gonar. Mun sha wuya shekarun da suka biyo, ba zan ɓoye ba. Wan Baba ya mutu bai sake taka gidanmu ba.

Hassan bai bar ɗa ba, bai karɓi digiri ba, bai taɓa tsayawa gaban kotu ba. Ko kabarinsa ban sani ba. Abin da ya bari shi ne zuriyar Buba da ke ci daga gonar har yau, da ɗaruruwan yaran da na koyar, waɗanda na hana su ce mini "an ce" a aji. Na san wannan ba kaɗan ba ne. Duk da haka akwai ranakun da nake cewa ina ma ya yi shiru har wani hutun, ya tafi da albarkar ubansa.

Ranar da Baba ya dawo daga wurin alƙali na kai masa ruwa. Ya riƙe kwanon bai sha ba. Ya ce, "Na yafe masa, Usaina, kuma shi ne da gaskiya. To, wa zai kai masa?"

Allah Ya jiƙan su, Ya haɗa su a inda za su zauna su ƙarasa maganar.