Sidni Sunana Ne, Ba Na Malam Adamu Ba

A wannan watan Malam Adamu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Idan na ce Malam Adamu, mutane kaɗan ne a Potiskum za su gane wanda nake nufi. Idan kuwa na ce Malam Sidni na Yindiski, malamin firamare mai koya wa yara gasar kacici-kacici, ko mai keke napep zai kai ka ƙofar gidansa. Saboda wannan suna na ɗauki alƙalami yau.

Ni dillalin shanu ne, ba marubuci ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Ajinmu ɗaya da Adamu a sakandare, lokacin muna cikin jihar Borno. Ni jikan 'yan kasuwar Kano ne, bakina sake yake da Hausa da ɗan Turancin da na tsinta. Shi Bangizime ne, ɗan manoma, harshensa da nauyi, yana buɗe baki ake fara murmushi. Amma ban taɓa ganin mai ƙishin sani irinsa ba. Takardar jaridar da aka ƙunso mana ƙosai sai ya miƙar da ita a cinya ya karance, har wurin da mai ya jiƙa. In ya ji sunan wani gari a rediyo, ba ya hutawa sai ya gano shi a taswira. Yana da ƙaramin littafi a aljihu da yake tara irin waɗannan abubuwa.

Mu biyu aka zaɓa mu wakilci makaranta a gasar kacici-kacici. Ƙa'idar ita ce a zaɓi lamba, a karanta tambaya, a ba ku ɗan lokaci ku yi shawara cikin raɗa, sannan mutum ɗaya ya miƙe ya ba da amsa. Abin da ya fita daga bakinsa shi ke nan, ba a gyarawa. Malaminmu ya ce ni zan riƙa miƙewa, don kada alƙalai su kasa jin Adamu. Da haka muka ci zagaye bayan zagaye: shi ya raɗa, ni in faɗa, a tafa mini.

Ranar ƙarshe, wanda ya ci shi zai je Maiduguri. Makinmu ɗaya da abokan karawarmu, saura tambaya guda. Aka ce: mene ne babban birnin Ostireliya? Adamu ya sunkuyo kunnena a gaban kowa ya ce, "Kanbera." Ban taɓa jin kalmar ba. Sidni na sani, ita ake ambata a labarai. A raina na ce harshen nan nasa ne ya murɗe wani abu. Na miƙe, na gyara kwalar riga, na ce "Sidni" da muryar da ta cika ɗakin taron. Aka miƙa wa ɗaya ɓangaren tambayar, suka ce Kanbera, suka tafi Maiduguri.

Wannan kuskure ne, kowa na iya yinsa. Laifin a waje na aikata shi. Malaminmu ya tare mu a gindin dalbejiya, ɗalibai sun kewaye, ya ce, "A cikinku wa ya kawo Sidni?" Na dai juya na dubi Adamu. Yau da na shekara talatin a kara, kasuwar shanu, na san ana ƙulla ciniki da ido kaɗai. Kowa ya ga ya raɗa mini, kowa ya ji abin da na faɗa, kallon nan ya ƙarasa sauran. Adamu ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Kafin mu kai ƙofar makaranta an raɗa masa Sidni.

Sunan ya bi shi kwalejin horon malamai, ya dawo da shi gida. Da ya fara koyarwa sai aka ƙara masa Malam a gaba. Ranar ɗaurin aurensa da wannan suna abokai suka yi ta tsokanarsa, ina tsaye ina dariya tare da su. Ranar jana'izarsa na ji wani dattijo yana tambaya a maƙabarta, "Wai mene ne ainihin sunan Malam Sidni?"

Sau ɗaya maganar ta taɓa tashi tsakaninmu. Ya zo kara neman ɗan maraƙi, muna zagayawa, wani ya kwaɗa masa sunan daga nesa, ya ɗaga hannu ya amsa. Na ce, "Adamu, sunan nan ba ya damunka?" Ya ci gaba da duba haƙoran maraƙin, ya ce, "Sabo, ni na sani, kai ka sani, Allah ya sani. Mu uku ba mu isa ba?" Na yi dariya, na ja zancen zuwa wani wuri. Da ya kwanta ciwon ajali na je da niyyar neman gafara, na tarar da ɗakin cike da 'yan dubiya. Na zauna na ba su labarin kasuwa, na yi addu'a, na tashi. Na ce sai na dawo an ragu. Bayan kwana uku aka aiko mini ya rasu.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga gasar yau. Yanzu amsar da ta raba mu da Maiduguri tana cikin wayar kowane yaro, kafin ka rufe baki ya nemo ta. Na je wata gasa bara, na ga yara sun haddace littafin tsofaffin tambayoyi, tun ba a gama karantawa ba sun ɗaga hannu, in aka ɗan juya tambayar sai su yi tsuru-tsuru. Ba na jin zai zagi waya, mutumin da ya karanta takardar ƙosai ba zai raina wayar hannu ba. Gaggawar ce za ta dame shi. Ɗalibansa sun gaya mini abin da yake nanata musu: ka bari tambaya ta ƙare, ka bambanta abin da ka sani da abin da kunnenka ya saba ji kawai. Yakan sa su faɗi "ban sani ba" da ƙarfi har su daina jin kunyarsa. Kuma a ƙungiyarsa ta gasa ba a taɓa ware mai magana saboda daɗin baki ba. Wanda ya kawo amsa shi zai miƙe ya faɗa, ko da in'ina yake. Da na ji wannan na ƙarshe na san daga ina ya samo shi. Ni ne darasin, bai dai taɓa faɗa musu sunana ba.

Ni kuwa da wannan muryar mai cika ɗaki na gina duk abin da nake da shi. A kara, wanda ya yi magana ba shakka shi ake saurare. Na daɗe ina ɗauka hakan shi ne ƙwarewa.

Watan jiya 'yarsa ta fari, Malama Hajara, wadda ta gaje shi a koyarwa, ta same ni a gida. Tana shirya gasa tsakanin makarantun firamare na Yindiski da Ngojin da Dogo Tebo don tunawa da shi, tana so in sayi kofin. Na ce an gama. Sai ta ce, "Baba, me za a rubuta a jiki? Ni na fi son sunansa na yanka, amma mutane sun ce in ba a sa Malam Sidni ba, ba wanda zai gane. Ka san shi da kansa yakan ce mana kuskure ɗaya ya yi a gasa, ya bi shi har tsufa."

Na ce, "Ya faɗa muku wane kuskure ne?"

Ta ce, "A'a. In muka tambaya sai ya yi dariya."

Ban iya gaya mata a ranar ba, halin nan dai na shekara arba'in. Sai shekaranjiya na je gidansu, na sa ta kira mahaifiyarta da ƙannenta, na faɗa musu komai. Uwar ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Hajara ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙe ta ta gaggauta ba. Haƙƙin na wanda ba ya nan ne.

Abin da ya rage na Adamu yana bakin ɗalibansa da ke jira tambaya ta ƙare kafin su ɗaga hannu. Abin da ya rage a wuyana shi ne in mayar masa da sunansa. Za a rubuta Malam Adamu a jikin kofin, ba ƙari. Jama'ar Potiskum ku shaida: Kanbera ya ce, na ji shi sarai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini. Wanda kuma bakinsa ya saba da Sidni har ba zai iya bari ba, ina kara kowace ranar kasuwa. Ya kira, zan amsa.