Iccen Kushewa

Bayan babban farin da ya cinye shanun mutane, malamin daji ya zo garinmu, kusa da Ruwan Godiya, yana neman masu sa kai su raya gandun dajin gwamnati da ke bayan gari. Ya faɗa tun farko cewa babu ko sisi. Mu da yawa muka ɗaga hannu, amma kafin rani na biyu ni kaɗai na rage, don kowa ya bi motar birni inda aka ce kuɗin man fetur ya fashe.

Dalbejiya da maɗaci na dasa. Da rani garwa biyu nake ɗaurawa a keke, in yi ta safa da marwa daga rafi har gwiwata ta riƙa ƙara. In kaka ta yi in share layi kewaye da gandun don kada wutar mafarauta ta shiga. Mutane suka ce na auri daji. Ban damu ba, amaryar ba ta taɓa yi mini tsiwa ba.

A shekara ta shida maƙwabcinmu ya samu kwangila, ya je Makka, ya dawo Alhaji da haƙorin zinare. Sai ya ga yana son gona irin ta turawa. Wata safiya na tarar da katafila a cikin gandun, tana tuge abin da na shayar da hannuna. Na tsaya gabanta, direba ya kashe inji. Alhaji ya leƙo daga mota ya ce, "Kai tashi nan. Icce ne hwa, ba mutum ba." Na kai ƙara, malamin daji ya kasa haɗa ido da ni. Cikin kwana uku suka share har dajin da ke kewaye, ba su bar komai ba sai layi ɗaya a gindin dutse inda katafilar ta kasa hawa. Na yi kuka, kuma na ƙulle shi a raina.

Bayan shekara biyu mahaifin Alhaji ya rasu da hantsi. A wurinmu in an sa mamaci a ƙaramin rami, sai an jera itace miƙaƙƙe mai kaurin damtse a kansa kafin a tura ƙasa. A da masu haƙa kan shiga daji su saro kafin a gama wanka. Ranar suka duba gabas da yamma, babu komai sai kututture da masarar Alhaji.

Ina gindin dutse Alhaji ya iso da kansa, gatari a hannu, idonsa jajir.

"Ɗan'uwa, Baba ya cika. Icce muke biɗa na kushewa."

"Allah ya jiƙan shi," na ce. "Wanga na gwamnati ne, amana aka ba ni."

"Reshe goma kaɗai. Don Allah."

"Ko ɗaya. In za ka sara, hwara da ni."

Ba a yin faɗa ranar jana'iza, na kuwa san haka sarai. Ya juya ya tafi. Gawa ta jira har bayan la'asar. A ƙarshe ƙyauren shagonsa suka ɓalle, mai fentin kore, suka faffasa aka rufe tsohon da shi, duk gari na kallo.

Tsohon nan bai taɓa yi mini komai ba. Shi ya koya mini ɗaurin garwa a keke. Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, liman ma ya kira ni ya yi mini tas. Na saurara, na ba su haƙuri, amma ƙarya nake in na ce ban ji sanyi a raina ba da na ga Alhaji na jan ƙyauren nan a ƙasa. Har yau in na tuna ina jin sanyin, kunyar kuma ba ta kore shi ba.

Layin nan ya zama kurmi yanzu, kowace gawa a garin da reshensa ake rufe ta, ni nake zaɓa musu ma. Amma na tara 'ya'yana na gaya musu, ranar da tawa ta zo kada wanda ya kai gatari gindin dutse. Su ɓalle ƙyauren ɗakina.