Zanzanar Wata

Gwaggon da ta riƙe ni tun ina ƙarama ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Agana ce ta kama ta tana yarinya, ta bar mata zanzana a duk fuska. Ranar biki, da ta hango mai hoto sai ta tuna akwai tukunya a wuta. Ko katin zaɓe haƙura ta yi da shi. Na yi juyin duniya, amsarta ɗaya ce: a bar kaza cikin gashinta. Da na ga ƙarfinta ya soma ja baya, abin ya dame ni ƙwarai, don ina tsoron ta tafi 'ya'yana su manta kamanninta.

Wata ranar Asabar da kaka na je gaishe ta a ƙauye, can hanyar Guri. Ruwa ya janye daga fadama, ana ta yankan shinkafa. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ni kuma ina duba waya, ina shirya darasin da zan koyar ranar Litinin. Gwaggo, da ba a raba ta da leƙe, ta miƙo wuya.

"Malama, wannan tandar waina ce ko me?"

Na ce hoton wata ne, an jawo shi kusa. Na yi mata bayani cewa tun farkon halittarsa manyan duwatsu masu yawo a sama suka yi ta faɗa masa. Baƙi-baƙin da muke hangowa a jikinsa kwaruruka ne, wani ya fi jiharmu faɗi nesa ba kusa ba, narkakken dutse ya malala ya cike su. Duniyarmu ma ta sha irin wannan jifa, sai dai ruwa da iska sun shafe yawancin nata, kamar yadda ambaliya ke cike ramukan fadama da laka. Shi kuwa wata ba a ruwa a can, don haka nasa suna nan.

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah. Kuma a haka yake fitowa bainar jama'a?"

"A haka, Gwaggo."

Ta ƙarasa gyaɗar da ke cinyarta, ta kaɗe zani, ta gyara ɗaurin kallabi. "To, ɗauki. Guda ɗaya fa."

Na ɗauka na miƙa mata. Ashe wayar irin mai gyaran fuska ce da kanta, ta mayar da Gwaggo sumul kamar amarya. Har na ji daɗi, na ɗauka zai burge ta.

Ta ɓata rai. "Wace ce wannan? Ina ramukana?"

Na yi ta lalube har na kashe gyaran, tana yi mini tsiya wai malamar makaranta waya ta gagare ta. Na sake ɗauka. Wannan karon ta gyaɗa kai.

"Yawwa. Wannan za ki nuna wa yaran." Ta miƙo mini wayar. "Da agana ta kama mu, mu uku aka kai bukka bayan gari, ni da yayata da ƙanenmu. Ni kaɗai na dawo da ƙafata. In kika goge su, wa zai tambayi abin da ya faru?"

A hannunta na girma, amma sai ran nan na san ta taɓa yin yaya da ƙane.